Matar da Ke Ɗanɗana Abincin Ɓeraye

"Ba zan sa hannu ba, Farfesa."

Haka ta ce, ta tura takardar da ɗan yatsa ɗaya ta koma gaban Shugaban Sashe, kamar mai mayar da shayin da ya huce. Ina tsaye a bakin ƙofar ofishin rungume da fayil, don takardar da ake ja-in-ja a kanta tawa ce, gumina ne na wata goma sha takwas.

"Dakta, ba shawararki nake nema ba," in ji shi. "Umarni nake ba ki."

"Ni na ji umarnin, ranka ya daɗe. Alƙalamin ne ya ƙi ji."

A ranar na tsane ta kamar in shaƙe ta. Yau, bayan shekara bakwai, ni ce na roƙi a ba ni wannan fili in jinjina mata, domin a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da uku. Na ji masu shirya jawabin bankwana sun fara tattaro kalmomi irin su "mai haƙuri" da "mai biyayya". Haƙuri kam tana da shi har ta sam wa wani. Biyayya kuwa, don Allah kada a yi wa baiwar Allah ƙazafi.

Mu ɗalibanta Dakta Sake-Awo muke ce mata, saboda duk abin da ka kai mata, ko da ka auna sau biyar, za ta duba ta saman tabarau ta ce, "Ya yi kyau. Sake awo." Malama ce a sashen ilimin magunguna na jami'armu. Abu biyu ta ƙare ƙuruciyarta a kansu: yadda magani ke kashe raɗaɗin ciwo, da kuma wasu sinadarai da ke cikin tsirrai irin su waken soya, masu kwaikwayon sinadarin da ke tafiyar da al'amuran jikin mace. Ba ku taɓa ganinta a talabijin ba, kuma ba za ku gan ta ba.

Ƙarfe bakwai saura kwata tsohuwar motarta ke shigowa, da ƙarar nan tata da masu gadi suka haddace, har sukan ɗaga shinge kafin ta ɓullo kwana. Ba ta fara zuwa ofis. Takan zura farar riga, agogon awo a aljihun hagu, ta gangara matakala tara zuwa ɗakin ɓerayen gwaji. Ta tura ƙofa ta ce, "Ina kwananku, 'yan mata?" Ta duba ma'aunin zafin ɗakin, ta saurari fanka, ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya tana kallon gashi da ido da kashi. Sannan ta je ga buhun abincinsu, ta ɗauki ɗan curi guda, ta sansana, ta karya, ta ɗora a harshe, ta jujjuya shi a baki, ta tofar a takarda.

Baba Mai Keji, dattijon da ke kula da ɗakin tun kafin a haife ni, kullum sai ya ce, "Dakta, in yunwa ce a faɗa mini in sayo burodi."

Ita kuma kullum ta ce, "Baba, abin da ban san ɗanɗanonsa ba, ba zai shiga sakamakona ba."

Shekara talatin da uku suna wannan raha, har yau ba wanda ya gaji.

"'Yan mata" da take cewa ba wasa ba ne. Baba ya ba ni labari cewa lokacin da ta zo tana yarinya, manyanta ɓeraye maza kaɗai suke gwaji da su, wai jikin mata yana sauye-sauye, yana rikita lissafi. Ta miƙe a taron sashe, ita ce ƙarama a ɗakin, ta ce, "To ai rabin masu layi a asibiti masu rikita lissafin ne. A kore su ma?" Aka yi dariya, aka ce ta zauna. Ta zauna, amma kashegari ta rubuta takardar neman ɓeraye mata ashirin. Sai da ta rubuta sau bakwai kafin a gaji a ba ta. Daga baya ta gaya mini dalili. Yayarta ta yi shekara da shekaru tana fama da ciwon ƙugu, duk likitan da ta je wa sai ya ce, "Haka mata suke, ki yi haƙuri." Ta ce tun tana 'yar sakandare ta ƙudurta cewa wannan magana ba amsa ba ce, lalaci ne ya sa farar riga.

Ga yadda ake awon, don mai karatu ya gane abin da zai biyo baya. Akwai wani faranti mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Sai ka ɗora ɓera, ka danna agogo. Da ɗumin ya dame ta za ta ɗaga ƙafa ta lasa, sai ka tsayar da agogo ka ɗauke ta. In maganin da ka ba ta yana aiki, za ta fi daɗewa kafin ta ɗaga. Dokar Dakta kuwa ita ce, in agogo ya kai sakan talatin, ko ta ɗaga ko ba ta ɗaga ba, ka ɗauke ta. Wani ɗalibi ya taɓa barin wata ta kai talatin da huɗu yana kallon wayarsa. Ba ta yi masa faɗa ba. Hannunsa ta kama ta ɗora a farantin, ta danna agogo, ta ce, "In ka ji a jikinka ka lasa."

Ni kuwa na zo mata da kai a sama. Tun firamare ban taɓa zuwa ta biyu ba, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba, har yanzu ma ban gani ba. Aikin digirina na uku a kan ruwan sassaƙen wani itace ne da ake cewa yana rage ciwo. Ita ce mai duba aikin. Muna gab da babban gwajin sai aka yi wa yayar tata aiki a asibiti, ta ɗauki hutun wata uku ta tafi jinya. Kafin ta tafi ta ce, "Rukuni biyu ne, masu shan magani da marasa sha. Ki gwada su tare, rana ɗaya, ɗaki ɗaya."

Tana juya baya aka ara wa wani sashe rabin kejinmu. Sai wayona ya motsa. Na ce me zai hana in yi marasa magani a wannan watan, in sun gama in wanke keji in kawo masu shan magani a wata mai zuwa? Faranti ɗaya ne, agogo ɗaya, hannu ɗaya. Haka na yi.

Sakamako ya fito kamar a mafarki. Rukunin farko suna ɗaga ƙafa a sakan tara, masu shan sassaƙena sai sun kai sha bakwai. Na kai wa Shugaban Sashe, ya cire tabarau ya mayar, ya fara ce mini "'yata". Cikin mako biyu ya samo wani kamfanin haɗa magunguna da ya yi alkawarin zuwa ya gani, in ya gamsu ya gyara mana ɗakin gwaji tun daga silin har daɓe. A gida kuwa Ummata ta riga ta sanar da duk layinmu cewa 'yarta ta gano maganin ciwon gwiwa, har tsofaffi sun fara yin layi a bakin ƙofarmu.

Ranar Litinin Dakta ta dawo. Ta gangara matakalar nan tara, ta gaida 'yan matanta, ta je ga buhu, ta ɗora curi a harshe. Ina can gefe ina wanke kwalabe, ina jira ta gama in nuna mata abin mamaki. Sai na ga ba ta tofar ba.

"Baba, yaushe aka canja abinci?"

"Ba a canja ba, Dakta. Ga buhun nan, launinsa ɗaya."

"Buhu ɗaya, ciki daban. Wa ya kawo?"

Baba ya sosa ƙeya. "Af! Mai kawo mana na da ya daina, mai sito ya samo wani. Wajen wata biyu ke nan."

"Wannan soya ce, kuma da yawa." Ta juyo gare ni da rabin curin a tafin hannu. "Yarinya, zo ki ɗanɗana."

"Haba Dakta! Ni ban yi digiri biyu don in zo in ci abincin ɓera ba."

"To ɓerayenki dai sun ci, kuma su suka rubuta miki sakamakon."

Ta karɓi littafin awona, ta bi kwanan wata da yatsa, ba ta ɗau minti biyar ba. Rukunin farko tsohon abinci suka ci, marar soya. Rukuni na biyu, masu shan sassaƙena, sabon suka ci tun ranar da aka kawo su. Ta shekara ashirin tana bin sinadarin da ke cikin soya, ta san ba abin rainawa ba ne a jikin ɓera mace. "Ban ce maganinki ba ya aiki ba," in ji ta. "Cewa na yi ba mu sani ba. Ko sassaƙe ne, ko soya ce, ko su biyun. Wanda bai sani ba kuwa ba ya sa hannu."

Abin da ya kai mu ofishin Shugaban Sashe ke nan. Bayan maganar alƙalamin, sai ya sassauta murya.

"Dakta, ranar Alhamis mutanen kamfani za su zo. Dubi ɗakin gwajinki, firiji ɗaya, shi ma da igiya ake ɗaure ƙofarsa. A bari su zo, su gyara, sannan ki sake awonki sau dubu. Wa zai san wani buhu?"

"Matar da za ta saya ta sha, ciwon ya ƙi tafiya, a ce mata haka mata suke. Ita za ta sani."

Ya ja durowa ya buɗe, ya bar ta a buɗe. "Kin san takardunki na zama farfesa suna nan ciki."

Ta leƙa. "To a kula da su, Farfesa, ofishin nan akwai gara."

A wajen ajiye motoci na tare ta. Ban gaishe ta ba, ban rusuna ba. Na ce ta kashe mini rayuwa saboda ɗan curi guda. Na ce hassada ce, don yarinya ta gano abin da ita ba ta gano ba a shekara ashirin da shida. Ta bar ni na zazzage duka, tana laluben makulli a jaka, sannan ta ce, "Kin gama? To ji. Aikin naki ne, littafin awon naki ne. Farfesa zai iya sa miki hannu da kansa. In an tambaye ni zan faɗi abin da harshena ya ji, sunana kuma ba zai hau ba. Sauran ya rage naki. Shigo in rage miki hanya."

Ban shiga ba. Da ƙafa na tafi, don ta ga ina da zuciya.

Zan so in ce son gaskiya ne ya juyo da ni, amma mai jinjina wa Sake-Awo ba ta isa ta yi ƙarya ba. Girman kai ne. Kashegari Farfesa ya kira ni ya nuna mini sabon shafin farko. Sunansa a sama, sunan wani abokinsa da bai taɓa taka ɗakin ɓeraye ba na biye, nawa na uku. "In sun zo, ke dai ki yi shiru, 'yata," in ji shi. "Ki bar manya su yi magana." Na dubi takardar. Wato ana so in yi ƙarya, kuma ko a ƙaryar ma in zo ta uku? Na ɗauki littafin awona daga teburinsa, na ce, "Ranka ya daɗe, zan sake awo." Na gangara matakala tara, na je ga buhun, na ɗauki curi na jefa a baki. Ɗanɗanonsa kamar kwali da aka jiƙa da ruwan wake.

Baba Mai Keji ya ajiye tsintsiya ya tafa hannu. "Shi ke nan, sun zama biyu! Burodi biyu zan riƙa sayowa."

Ba littafi, ba sakamako; ba sakamako, ba kamfani. Suka zo ranar Alhamis suka sha lemo suka tafi.

Abin da ya biyo baya ba sai na yi masa ado ba. Kafin wata ya ƙare aka ce ana bukatar ɗakin gwajinta don wani aiki, aka mayar da mu wani ɗaki kusa da janareto, marar taga, wanda a da ake jibge karyayyun kujeru. Shekara uku ba a turo mata sabon ɗalibi ko ɗaya ba. A taro in ta ɗaga hannu sai a ce lokaci ya ƙure. Ita kuwa ko a jikinta. Ranar da muka tare ta dubi bango huɗu ta ce, "Madalla, ba taga, ba mai leƙo mu." Abu ɗaya ta yi yaƙi a kai, cewa ɓerayen ba za su zauna kusa da ƙarar inji ba, kuma ta ci wannan yaƙin.

Muka sake daga farko, wannan karon rukuni huɗu a lokaci guda: tsohon abinci da magani, tsohon abinci ba magani, sabon abinci da magani, sabon abinci ba magani. Ta sa Baba ya liƙa wa kwalabe lambobi ya ɓoye ma'anarsu a ambulan, don kada hannuna ya yi wa sassaƙena kara wajen danna agogo. "Ɓera ba ta iya ƙarya," takan ce, "mai riƙe da agogo ne abin tsoro." Abokan karatuna suka gama, suka sa rigar yaye, suka zo suna tsokanata: "Har yanzu kina tare da ɓerayen?" Nakan ce sun fi wasu riƙon amana. A layinmu kuwa maƙwabta suka sa Umma a gaba: "Ina maganin gwiwar?" Ita kuma ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, sai ta ce, "Yana kan wuta. Mai gaggawa ya sha ɗanye."

Ranar da Baba ya yage ambulan, na zauna na haɗa lissafi sau uku. Sassaƙena bai ƙara wa ɓerayen abin da ya wuce sakan ɗaya ba. Yawancin abin mamakin nan daga buhu ya fito. Na kifa kai a tebur na yi kuka mai isata. Ta jira na gama, ta miƙo mini hankici, ta ce, "Yanzu kin san abu biyu da duniya ba ta gaya miki ba. Da kin san ɗaya ne, shi ma ba gaskiya ba. Tashi ki rubuta."

Muka rubuta abin da muka gani a ɓerayenmu, ba ƙari ba ragi, wata ƙaramar mujallar bincike ta buga. Ba a kira 'yan jarida ba. Amma bayan shekara guda wasiƙa ta zo daga wata mai bincike a wata ƙasa mai nisa, tana cewa ta shekara uku sakamakonta na yi mata wasan ɓuya, sai da ta karanta takardarmu ta je ta duba buhunta. Dakta ta liƙa wasiƙar a jikin firijin nan mai igiya. Wani tsohon ɗalibinta da ke ba da magani a babban asibiti ya gaya mini cewa har yau in mace ta ce masa magani bai yi mata ba, bakinsa ba ya iya furta "ki yi haƙuri" sai ya zauna ya yi mata tambayoyi, don ji yake kamar Dakta na bayansa da agogo. Maigidanta kuwa, tsohon ma'aikacin awon filaye mai son raha, cewa ya yi, "'Yata, ni na fi ku shan wuya. Na auri matar da ke auna gishiri sau uku. Girkinta bai taɓa yin gishiri ba, amma ban taɓa cin sa da zafi ba."

Ke ce, Dakta, kika koya mini cewa "ban sani ba" magana ce ta masu ilimi. Ke ce kika karɓi zagina a wajen motoci, kika ajiye shi, ba ki taɓa fito da shi ba ko da wasa. Ke ce kika ɗauki kukan yayarki kika mayar da shi aikin shekara talatin da uku. Sikelin da ba ya jin "ranka ya daɗe"! Na gode, a madadina da Baba Mai Keji da 'yan matan keji, da matan da ba za su taɓa sanin sun tsira daga sayen ruwan sassaƙe a kwalba mai kyau ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa maigida ya ci abinci da zafi.

Ku kuma 'yan'uwana masu tasowa, a ɗakin gwaji kuke ko a shago ko a ofis, kowane aiki yana da buhunsa da kowa ke wucewa bai buɗe ba. Ku buɗe, ku ɗanɗana. Amma ba zan yaudare ku in ce kyauta ake tsayawa ba.

Jiya na taya ta kwashe kayan ofis. Kwali huɗu ne kacal. Ta ciro agogon awon daga aljihun hagu ta danƙa mini, ta ce maɓallinsa na sama yana ɗan maƙalewa, in riƙa danna shi da ƙarfi. Na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani.

"Kullum in na wuce ta gaban ɗakina na da," in ji ta. "Tagoginsa biyu, kin tuna? Ina son tagogin nan. Ɗauki wancan kwalin, ki yi hankali, gindinsa ya jiƙe."

Ni tsayawar ta ci mini shekara biyu da wata biyar, da maganin da na so a kira da sunana. Ita ta ci mata ɗakin gwajinta, da ɗaliban shekara uku, da kujerar da ta cancanta tun tuni. Farfesa ya sauka daga shugabanci bara, aka buɗe durowar, aka ce takardun sun tsufa, sai an sake sabbi, lokaci kuwa ya riga ya ƙure. Waɗanda ta koyar da hannunta uku sun zama farfesoshi. Ita a Dakta ta shigo ɗakin nan marar taga, kuma a Dakta za ta fita ranar Juma'a.